Baƙon da Kwamfutarmu Ta Ƙi Amsa wa Sallama

Mu uku ne, 'yan unguwa ɗaya a cikin garin Daura, tun firamare muke tare. Yanzu biyu daga cikinmu muna Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan gida, na ukunmu kuma yana Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ita ma a nan Daura. A hutun da ya wuce ne muka ɗauko wa kanmu Dala ba gammo, kuma labarin ne muke son ba ku, musamman ku ƙannenmu da ke ajin kimiyya kuna sha'awar haɗe-haɗen kayan lantarki.

Kawun ɗayanmu, wanda dukkanmu Kawu muke ce masa, yana noman rani a wajen madatsar ruwa ta Sabke. Albasa yake yi da tumatir da ɗan tattasai, da injin ban-ruwa mai shan fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk ranar ban-ruwa sai ya yi ta lissafi da yatsu. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa, bakinmu ya ja mana. Muka ce ai za mu iya haɗa masa na'urar da za a soka a ƙasa ta faɗi ko ƙasar ta bushe ko da sauran danshi, don kada ya tayar da inji a banza.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, 'yan boko. Nawa ne?"

Muka faɗa. Ya shiga gida ya fito da kuɗin albasa ya ƙirga mana, bai ƙara cewa komai ba. Da ma bashin banki muka ci, da ya fi mana sauƙi.

Abin da muka sayo ɗan allon lantarki ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, irin wanda ake kira Arduino. A garin Ibriya na ƙasar Italiya aka fara yin sa a 2005 domin ɗalibai, kuma masu shi sun bar zanensa a buɗe, kowa na iya ƙera irinsa. Namu ƙirar Chaina ne, shi ya sa kuɗinmu ya kai. Yadda ake aiki da shi, ka rubuta umarni a kwamfuta, ka tura masa ta kebul na USB, shi kuma ya riƙa maido maka da abin da ya auna. Daga Kano aka saya mana, wani direban mota ya kawo mana saƙon tasha a cikin leda.

Daren farko muka taru a ɗakin ɗayanmu da tsohuwar kwamfutar hannu ta kwance. Muka ɗauko kebul ɗin cajin tocilar Inna, tunda bakinsa ya yi daidai, muka jona. Wata 'yar fitila ta kama a jikin allon. Muka yi ta murna har da tafawa. Amma kwamfuta ko gezau. Babu ɗan sautin nan da take yi idan an soka mata filas, babu wani sabon suna da ya fito. Muka cire muka mayar, muka canza rami, muka kashe muka kunna, muka hura bakin kebul kamar masu hura wuta. Kwana biyu muna wannan. A rana ta uku muka yanke hukunci cewa mai shagon Kano gawa ya sayar mana, har ɗayanmu ya fara neman kuɗin motar da zai bi ta Kazaure ya je ya yi masa rashin mutunci.

Allah ya taimake mu, kafin tafiyar muka biya wajen wani dattijo mai gyaran risiba da talabijin a bakin kasuwa. Bai ko karɓi allon ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Samari, da wane kebul kuka jona?" Muka miƙa masa. Ya jawo wani mataccen kebul daga tarkacensa ya fere shi da reza, sai ga wayoyi huɗu sirara a ciki, ja da baƙi da fari da kore. Ya ce ja da baƙi wuta suke kaiwa, bolt 5. Fari da kore su ne hanyar magana. Sannan ya ce mu fere namu idan ba ma jin tsoron Inna. Ba mu fere ba, amma mun gane. Kebul da yawa da ke zuwa da tocila ko 'yar fanka wayoyi biyu kacal gare su, na wuta. Allonmu ya ci ya ƙoshi, shi ya sa fitilarsa ta kama, amma ba shi da bakin yin sallama.

Ya ba mu aron kebul mai huɗu. Kunyar da muka ji a kan mutumin Kano, wanda har yau bai san mun zage shi ba, ita ta sa muka ce daga yanzu ba za mu sake taɓa komai ba sai mun san abin da ke gudana a cikin wayoyin nan.

Ga abin da muka gano. A cikin ɗan allon nan harsuna biyu ake yi. Ƙwaƙwalwarsa, wato babban aisin da ke tsakiya, tsohon harshe take ji wanda ake kira siriyal. Ma'anarsa a jere: bayani yana tafiya ɗigo bayan ɗigo a kan waya ɗaya, wata wayar kuma ta dawo da amsa. Kowane ɗigo, wanda ake kira bit, ko dai 0 ne ko 1, wuta ta sauka ko ta hau. Harafin A, misali, lambarsa 65 ce, a harshen na'ura kuwa 01000001. Kafin a aika shi sai a sa bit ɗaya a gaba mai cewa "ga ni nan tafe", a sa ɗaya a baya mai cewa "na gama". Goma ke nan a kan kowane harafi. Tun 1960 aka tsara ƙa'idar wannan hanya a Amurka, aka sa mata suna RS-232. Wanda ya taɓa leƙa bayan tsohuwar kwamfutar tebur a ɗakin kwamfuta na makaranta zai ga wani rami mai allurai tara. Shi ne ƙofar siriyal.

USB kuwa sai a 1996 ya fito, kuma a hankali ya kori ramin mai allurai tara daga jikin kwamfutocin hannu. Sai dai bai kori harshen ba. Har gobe da shi risiba da yawa ke karɓar sabuwar manhaja, dattijon nan ma da shi yake cin abinci. Da shi inbata na sola da yawa ke ba da rahoto, haka sikelin lantarki da injinan masana'antu, saboda yana da arha kuma ba shi da rikici. To, kwamfuta na jin USB, na'ura na jin siriyal. Dole a sami mai tsayawa a tsakani. Da muka juya allonmu muka haska da tocila, muka ga wani ƙaramin aisi baƙi a ƙasansa an rubuta CH340. Aikinsa ke nan, gefe ɗaya yana magana da USB, ɗaya gefen da siriyal. Wani kamfani ne mai suna WCH a birnin Nanjin na Chaina ke yin sa.

Da muka jona da kebul na aro, kwamfuta ta yi ɗan sautinta. Wannan sautin da kuke ji kullum ba ku damu da shi ba, ƙarshen wata gajeriyar ganawa ce. Da zarar an soka na'ura, takan ɗaga ƙarfin wuta a kan ɗaya daga wayoyin maganar nan biyu. Sallamarta ke nan. Kwamfuta ta ji, sai ta tambaye ta, wace ce ke? Na'urar ta miƙo 'yar takardar shaidarta, bayit 18 kacal, kowane bayit bit takwas. A ciki akwai lambobi biyu da suka fi komai muhimmanci: lambar gidan da ya ƙera ta, da lambar ita kanta a cikin 'ya'yan gidan. Kamar dai yadda dattijo zai tare ka a zaure ya ce, ɗan gidan wa, kuma wane ne sunanka? Kwamfuta ta kuma ba ta lambar zama, don kada saƙonta ya cakuɗe da na linzami ko na filas. Namu aisin ya amsa da 1A86, lambar gidansu, da 7523, lambarsa.

Muka ce shi ke nan, an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Muka buɗe shafin da Windows ke jera duk na'urorin da ke jikinta, sai ga baƙonmu a can gefe da alamar motsin rai a cikin ɗorawa. An amsa sallamarsa, an san sunansa, amma babu mai jin yarensa a gidan. Mu 'yan Daura ai mun san irin wannan. Masu ba da labarin rijiyar Kusugu suna cewa sunan Bayajidda ma daga "ba ya ji da" ya samo asali, baƙon da ya sauka a gari ba ya jin harshen mutanensa.

Abin da ya rage shi ne direba. Da dattijon ya fara faɗin kalmar, ɗayanmu ya ɗauka direban da ya kawo saƙon yake nufi, har ya ce ai ya koma Kano. Direba a nan wata 'yar manhaja ce da ke zaune a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows ko Linux, kuma aikinta tafinta. Windows na riƙe da jerin direbobi, kowanne da lambobin na'urorin da ya iya yi wa tafinta. Idan baƙo ya faɗi lambobinsa biyu, sai ta duba jerin. Tamu ta duba ba ta sami mai 1A86 da 7523 ba. Da tana kan intanet wataƙila da ta nemo da kanta, amma mu da muke auna data kamar gishirin miya, a kashe muke barin ta. Muka sayi data ta dare, muka shiga shafin kamfanin da kansa muka sauko da direban. Ƙarami ne ƙwarai, bai kai hoto ɗaya mai kyau nauyi ba. A nan ku yi hattara: shafukan da ke cewa "danna nan ka sauko da duk direbobin duniya" sau da yawa ƙwayar cuta suke rabawa, kuma direba a can cikin ɗakin kwamfuta yake zama, inda babu abin da ba zai iya taɓawa ba.

Muna sa shi, alamar ɗorawa ta ɓace, wani suna ya fito: COM3.

Wannan sunan shi ya fi ba mu dariya da muka fahimce shi. COM1 da COM2 sunayen ramukan nan ne masu allurai tara na zamanin da. Kwamfutarmu ba ta da ko ɗaya. Direba ne ya ƙirƙiro ƙofar da babu ita a zahiri, ya ce wa sauran manhajoji ga ƙofar siriyal nan. Manhajar da muke rubuta umarni da ita ba ta san da wani USB ba. Ita dai ta ce, a buɗe mini COM3, a aika wannan. Direba ya karɓa, ya ƙulla haruffan a ƙunshi-ƙunshi yadda USB ke so, ya miƙa wa sashen kwamfuta mai kula da ramukan USB, su bi fari da kore su isa CH340. Shi kuma ya kwance ƙunshin ya jero su bit bayan bit zuwa ƙwaƙwalwar allo. A Linux sunan ƙofar ttyUSB0, kuma direban wannan aisin yana cikinta tun asali, ba sai an sauko da komai ba. Wannan ya sa na ukunmu, mai son Linux, ya dame mu da gori har mako guda.

Dawowar amsa ta fi ban sha'awa. A dokar USB, na'ura ba ta fara magana. Ko da allonmu ya auna danshi yana ƙaiƙayin faɗa, sai aisin ya ajiye bayanin a ɗan rumbunsa ya jira. Kwamfuta ce ke zagayowa tana tambaya, kana da magana? Idan babu ya ce babu, ta wuce, ta sake dawowa. Irin ajin malamin da ba a ɗaga masa hannu, shi ke nuna wanda zai yi magana. Sai dai wannan malamin yana zagaye ajin da saurin da ba a ganewa, domin a irin USB ɗin da allonmu ke amfani da shi, an yanka kowace daƙiƙa gida 1000, kuma a kowane yanki ana iya yin tambaya. Idan direba ya yi sakaci bai sa an kwashe abin da ke rumbun ba har ya cika, abin da ya biyo baya zubewa yake yi.

Ban da ƙunshin saƙo, akwai wata hanya ta daban da direba ke ba aisin umarni: yi magana da sauri kaza, ɗaga waya kaza, sauke ta. Da irin wannan umarnin ne ma ake taɓa wata waya da ke sa allon ya farka daga farko ya tsaya karɓar sabon darasi, shi ya sa fitilarsa ke ƙiftawa duk lokacin da za mu tura masa umarni. Kuma a nan ne dalilin da ya sa direban wani ba ya yi wa wani aiki. Kamfanin FTDI na Gilasgo a Sikotilan, da Prolific na Taiwan, da Silicon Labs na Amurka, duk suna yin irin wannan aisin, amma kowanne da yadda yake son a faɗa masa "yi sauri kaza". Akwai dai wata ƙa'ida ta bai-ɗaya da wasu na'urori ke bi, waɗanda Windows 10 ke karɓa ba tare da neman direba na musamman ba. Da kowa ya bi ta, da ba mu yi asarar barcin daren nan ba.

Muka tura umarninmu, ya shiga. Muka soka ma'aunin danshi a tukunyar fulawar maƙwabta, muka buɗe tagar da ake karanta amsa. Sai ga shirme yana zubowa, alamomin tambaya da akwatuna da wasu haruffa kamar rubutun aljanu. Da a makon farko ne, da mun ce allon ya ƙone. Amma yanzu mun iya lissafi. An amsa sallama, an sami tafinta, umarni ya shiga, saboda haka kebul da aisi da direba duk lafiyarsu ƙalau. Saura ɓangaren siriyal. Shi siriyal ba shi da wayar da ke buga wa ɓangarorin biyu lokaci, sai dai su yi alkawari tun farko a kan saurin da za a yi. Mun rubuta wa allon ya yi magana da saurin bit 9600 a daƙiƙa, wato haruffa 960. Tagar karatu kuwa wani ya bar ta a kan 115200, ninki 12 daidai. Ku tuna shifta a aji. Malam bai gama furta kalma ɗaya ba, ɗalibi ya riga ya cika layi da abin da yake zato ya ji. Muka mayar da ita 9600, sai ga lambobi tsaf suna saukowa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Muka zuba ruwa a tukunyar, lamba ta canza. Ƙarfe ɗaya na dare ne, sai da Baba ya buga mana ƙofa.

Akwai wani labari da muka ci karo da shi a wannan binciken wanda har yanzu muke gardama a kansa. Saboda lambobin shaidar nan biyu faɗa kawai na'ura ke yi, masu jabu na iya ƙera aisi su sa masa lambobin wani gida, ya riƙa cin arzikin direban gidan. A watan Oktoban 2014 kamfanin FTDI ya fitar da wani sabon direba ta hanyar sabuntawar Windows, wanda idan ya gane aisi na jabu ne sai ya mayar da lambarsa ta biyu 0000. Daga nan babu direban da zai sake gane shi, ko an kai shi wata kwamfutar, sai wanda ya san yadda ake maido da lambar. Mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari kayan aikinsu sun daina aiki, aka yi ca a kan kamfanin, ya janye direban. Ɗayanmu yana ganin kamfanin na da gaskiya, guminsa ake sha. Mu biyu kuwa muna ganin an bar jaki an daki taiki. Wanda ya ƙera jabun yana can ya ci kuɗinsa. Wanda aka hukunta shi ne irinmu, mai saye a leda daga hannun direban mota, wanda ko da madubin likita ba zai bambance na gaske da na jabu ba.

Ga wanda ba shi da kwamfuta, wayoyin Android da yawa ma suna iya zama mai masaukin baƙon, da ɗan mahaɗin nan na OTG da ake sa filas da shi, da manhajar da ke ɗauke da tafintan a cikinta. Mun gwada, ya yi, kuma da wayar muka tafi lambu don kada ƙura ta kashe mana kwamfuta.

Ranar da muka kai wa Kawu, ya bar abin da yake yi ya zo ya tsuguna. Muka soka ma'aunin a fangalin albasa, lamba ta fito, muka duba takardar da muka rubuta gwaje-gwajenmu, muka ce masa da sauran danshi, ban-ruwa sai jibi. Ya tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, ya murza, ya shinshina.

"Jibi," in ji shi. "To, ashe ta san aiki."

Bai ce tun jiya ya san haka ba, mu ma ba mu tambaya ba. Bayan mako biyu ƙarfen ma'aunin ya fara tsatsa saboda zama a jiƙaƙƙiyar ƙasa da wuta a jikinsa, lambobin suka fara ƙarya. Yanzu muna tara kuɗin wani irin da ba ya tsatsa, daga aljihunmu wannan karon. Har yau ba mu rage wa Kawu ko lita ɗaya ba, kuma duk inda ya gan mu sai ya ce yana nan yana jiran kuɗin albasarsa su haihu.

Kebul na aro mun mayar wa dattijon da goro. Mun sayi namu mai wayoyi huɗu, muka ɗaura masa jan zare a wuya don kada ya ɓace cikin sauran. Na Inna kuwa ya koma kan tocilarta, ba ta ma san ya je ko'ina ba.